Bayan gyaran amortisa fitilar mota na kashe idon jama'a: daga ina matsalar take, kuma yaya ake saita ta?

Da zarar damina ta ɗauke a jihar Tahoua, garejojin Madaoua, Bouza da Keita kan cika da motocin da hanya ta jigata. Ƙoramu sun zaizaye hanyoyin jar ƙasa, duwatsun Adar sun fito fili, gargada ta kwance duk wani noti. Wata motar amortisa ce ta yi yoyo, wata lam ɗin baya ne ya karye, wata kuma ta zauna ne saboda lodin da ya fi ƙarfinta. Ana gyarawa, mai mota ya biya, ya ji ta daina buga ƙasa, ya kama hanya yana murna. Sai dare ya yi ya ga duk motar da suka yi kiciɓis tana ƙyafta masa fitila, alhali yana kan ƙaramar wuta, wadda direbobi ke kira kod, bai kunna babbar ba, wato far.

Galibi ana ɗora laifin a kan ƙwan fitila ko a kan rashin haƙurin masu tahowa. Amma sau da yawa asalin matsalar na ƙarƙashin motar. Fitila a jikin mota take a ɗaure, duk inda hancin mota ya kalla nan haske zai bi. Gyaran da ya canza tsayin gaba ko na baya, ko da kaɗan ne, ya canza saitin fitila ke nan, ko da babu wanda ya taɓa ta.

Santimita 3 sun isa

Masu ƙera motoci na saita kod ta ɗan sunkuya ƙasa. A motocin da aka yi bisa ƙa'idar Turai, waɗanda suke da yawa a cikin tsofaffin motocin da ake shigowa da su Nijar, ana rubuta adadin sunkuyon a jikin fitilar ko a kusa da ita ƙarƙashin kapo. Za a ga 1% ko 1,2% ko 1,5%, motoci masu tsayi kuma kan kai 2%. Ma'anar 1% ita ce hasken ya riƙa sauka santimita 1 a kowace mita. Fitilar da ke santimita 90 daga ƙasa, idan an saita ta a haka, gefen haskenta na sama zai taɓa kwalta a mita 90, kuma a duk tsawon nan yana ƙasa da idon mai tahowa.

Yanzu a ɗauki misalin Toyota Hilux, wadda tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya ta kai kusan mita 3. Idan bayanta ya sauka da santimita 3, ko gabanta ya ɗaga da santimita 3, motar ta karkata sama da kashi 1 cikin 100. Wannan karkatar ta cinye sunkuyon da aka yi wa fitilar baki ɗaya: hasken zai miƙe sambal, ba zai sauka ƙasa ba. Idan bambancin ya kai santimita 6, hasken hawa zai riƙa yi. A mita 30 zai kai santimita 120 daga ƙasa, wato daidai fuskar direban ƙaramar mota. A mota mai gajeriyar tazara irin Corolla, wadda tata ke wajen mita 2 da santimita 60, abin da bai kai santimita 3 ba ma ya isa.

Santimita 3 kuwa bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Ido ba ya ganin wannan bambanci idan mota na tsaye a gareji da rana, shi ya sa mai gyara da mai mota duk sukan rabu ba tare da sun lura ba.

Abin da ke faruwa a gareji

Amortisa ita kaɗai ba ta ɗaukar nauyin mota, aikinta hana ta yawan tsalle. Nauyin yana kan sifirin ne, ko mai naɗi da ake kira rasor, ko mai faifai-faifai da ake kira lam. Amma a yawancin ƙananan motoci amortisar gaba da rasor a haɗe suke, kuma tare ake sauya su. Idan aka sa sababbi a gaba aka bar na baya da suka gaji, gaban zai koma tsayinsa na asali, bayan ya ci gaba da zama a ƙasa. Wannan ita ce hanyar da aka fi samun matsalar, domin ba kowa ke da kuɗin sauya ƙafa huɗu a lokaci ɗaya ba.

Hanya ta biyu ita ce kayan kwance. Rasor ɗin da aka ciro daga wata motar na iya shiga daidai, amma tsawonsa ko taurinsa ya bambanta, musamman idan na mota mai injin gazuwal ne, wanda ya fi nauyi, aka sa wa mai injin fetur. Wasu kuma da gangan suke ɗaga gaban mota don gudun duwatsu da yashin ƙorama, ta hanyar cusa roba ko ƙarfe a saman rasor. A tsofaffin Hiace da wasu tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu, gaban yana kan wata sandar ƙarfe mai murɗawa ne, kuma noti ɗaya ake ɗaurewa motar ta ɗaga. Aikin minti kaɗan ne, amma yana tafiya da saitin fitila.

Hanya ta uku ta shafi masu ɗaukar kaya. Ana ƙara lam ɗaya ko biyu a baya don motar ta jure lodi. Idan babu kaya, bayan ya ɗaga, fitila ta koma haska gindin mota kawai. Direba ya ga ba ya hangen nesa, sai ya sa a ɗaga masa ita. Ranar da aka loda buhunan albasa ko na hatsi, ko fasinjojin kasuwa suka cika baya, motar ta zauna, hasken da aka riga aka ɗaga ya ƙara tashi.

Akwai kuma kuskuren aiki. Robobin hannun taya, da ake kira silanbulok, ana ɗaure notinsu na ƙarshe ne bayan an sauke mota ta tsaya a kan ƙafafunta. Idan aka ɗaure su tana rataye a kan jak, robar za ta murɗe ta riƙe motar a tsayin da ba nata ba, kuma ba za ta daɗe ba za ta yage. Sabon sifirin ma kan ɗan zauna bayan kwanakin farko na aiki, don haka saitin da aka yi ranar gyara yana bukatar a sake duba shi.

Motoci masu saita fitila da kansu

A Turai doka ta tilasta wa motocin da fitilarsu ke da ƙarfi sosai, wato wadda ta haura lumen 2000 kamar yawancin fitilun zenon da wasu na LED, su kasance da na'urar da ke saita su da kanta. Irin waɗannan motoci na da wata ƙaramar na'urar auna tsayi a ƙarƙashinsu, galibi a baya, wasu har da gaba. An haɗa ta da hannun taya ta wata siririyar sanda mai tsawon yatsa ko fiye kaɗan. Idan mota ta zauna, sandar ta motsa, kwamfutar motar ta umurci fitila ta sunkuya.

Lokacin sauya amortisa ko rasor, wannan sanda kan karye, ko a manta ba a maida ta ba, ko a ɗaura ta a juye. Daga nan kwamfuta za ta riƙa samun labarin ƙarya: tana zaton gaban mota ne ya sauka, sai ta ɗaga fitilun sama. Alamarta ita ce fitilun biyu sun tashi lokaci ɗaya kuma daidai da juna tun ranar gyara, wani lokaci har da wutar gargaɗi a gaban direba. A nan juya notin fitila ba magani ba ne. Sai an gyara sandar, kuma a motoci da dama sai an jona kwamfutar binciken mota an sake sanar da na'urar tsayin da motar ta koma.

Dalilin da ya sa abin ya fi haɗari a wannan yanki

Hanyar ƙasa mai lamba 1, da ta taso daga Yamai ta bi ta Birnin Ƙonni da Galmi ta ratsa Madaoua zuwa Maraɗi, ba ta rabuwa da manyan motoci dare da rana, balle a lokacin kakar albasa, da ake lodi daga fadamar Tarka da kewaye zuwa ƙasashen bakin teku. Hannu biyu ne a kan kwalta ɗaya, babu katangar da ta raba masu zuwa da masu dawowa, babu fitilun titi a wajen gari. Daga Madaoua zuwa Bouza da Keita kuwa, ƙasar Adar Dutsi Magiya hawa da gangara ce. A kan tudu, ko fitilar da ke da saiti mai kyau kan ɗan haska sama kafin mota ta gangara, ina ga wadda tun farko take kallon sama.

A gefen waɗannan hanyoyi akwai amalanken jaki da na shanu da ba su da fitila, akwai garken dabbobi, akwai masu kabu-kabu, akwai mata da yara masu dawowa daga kasuwannin mako irin na Tounfafi, Bangui ko Tamaske bayan magariba. Direban da haske ya kashe wa ido kan ɗan ja zuwa dama don ya kauce, kuma a daman ne waɗannan mutane suke. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa na cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya yi daƙiƙa 3 bai gani sosai ba, ya tafi mita 66 cikin duhu. Tsofaffi da masu yanar ido sun fi daɗewa kafin ganinsu ya dawo.

Shi kansa mai fitilar bai tsira ba. Hasken da ya tashi sama ya bar kwaltar da ke gabansa cikin duhu, ba zai ga rami ko dutse a kan lokaci ba. Idan hunturu ya shigo da hazo daga watan Nuwamba, ƙurar da ke iska na mayar masa da hasken cikin ido, ya zama kamar yana tuƙi a gaban farin bango. Ga kuma al'adar ramuwa: wanda aka haske kan kunna tasa babbar wutar, sai direbobi biyu su tunkari juna babu mai ganin wani.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na watan Disamban 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya. Afirka ce kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a, da mutum 19 cikin kowane 100.000, kuma fiye da rabin mamatan a duniya masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta shardanta cewa ƙaramar wuta ta haska hanya ba tare da ta kashe idon sauran masu amfani da ita ba.

Kafin a taɓa notin fitila

Abu na farko shi ne a tabbatar da dalilin. A yawancin motocin Turai akwai wani ɗan maɓalli mai juyawa kusa da sitiyari, da lambobi 0, 1, 2, 3 da hoton fitila. Lamba 0 ta direba shi kaɗai ce ko da mutum ɗaya a gefensa. Duk yadda lambar ta ƙaru, fitila na ƙara sunkuyawa, don haka ana ƙara ta ne idan an yi lodi. Direbobi da yawa na shekaru da mota ba su san amfaninsa ba, wasu ma na zaton lamba 3 ce ke ƙara haske.

Na biyu, a tsayar da mota a wuri mai daidaito a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta. Hagu da dama ya kamata su zo ɗaya, ko kusa da haka. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya, ko bayan ya zauna a fili alhali babu kaya, to aikin ƙafa bai ƙare ba, kuma can ya kamata a koma. Saita fitila a kan motar da lam ɗinta ya gaji rufe ciwo ne da tsumma. Na uku, a duba ko fitilar na girgiza a mazauninta, domin gargada kan karya kunnuwan robar da ke riƙe ta.

Yadda ake saitawa da bango

Manyan garejoji da wuraren bizit teknik na amfani da na'ura ta musamman. Inda babu ita, bango da ma'aunin mita da alli ko gawayi sun wadatar, kuma aikin bai wuce rabin awa ba.

A nemi fili mai daidaito a gaban bango miƙaƙƙe, kamar dandamalin siminti na gidan mai ko na mangaza. Wannan sharaɗi ne babba, domin gangara kaɗan na ɓata lissafin duka. Tiyon ruwa mai haske irin na magina na nuna ko inda tayoyi suke da gindin bango tsayinsu ɗaya ne. A daidaita iskar tayoyi huɗu, a sauke kaya, a zuba mai gwargwadon hali, a sa maɓallin saiti a kan 0. Direba ya zauna a kujerarsa, ko wani mai nauyi kamarsa. A danna motar gaba da baya sau biyu ko uku don ƙafafun su zauna.

A matso da motar dab da bango, a yi alama daidai tsakiyar kowace fitila, a ja layi a kwance da ya haɗa alamun biyu. Sannan a ja da baya a miƙe har ya zama mita 10 tsakanin gilashin fitila da bango. A ja layi na biyu a ƙasan na farko: santimita 10 idan an rubuta 1% a jikin fitila, 12 idan 1,2% ne, 15 idan 1,5% ne. Idan filin bai kai ba, a tsaya a mita 5 a raba lissafin biyu, sai dai kuskure ya fi sauƙin shiga.

Da duhu ya fara, a kunna kod. Za a ga iyaka tsakanin haske da duhu a jikin bango: a kwance take ta hagu, sannan ta karkata sama ta dama don haska gefen hanya, tunda a Nijar hannun dama ake bi. Ɓangaren da ke kwance shi ne zai zauna a kan layi na biyu, gwiwar da layin ya fara hawa kuma ta tsaya a ƙarƙashin alamar tsakiyar fitilar. Ana yin ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya tsaya a gaban ɗayar ko a tare ta da kwali daga ɗan nesa, kada a lulluɓe ta da tsumma, domin zafi na iya narka roba.

A bayan kowace fitila akwai noti biyu na saiti, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Wasu da sukudireba ake juya su, wasu da ƙaramar sifana. A tsofaffin manyan motoci masu fitilar gilashi, ta gaba suke a gefen zoben fitilar. A juya a hankali ana ƙirga zagaye ana kallon bango. Idan notin ya cije kada a tilasta masa, haƙoransa na roba ne. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka sau da yawa ba su da rubutun kason, kuma wasunsu notin sama da ƙasa kawai gare su. A kansu ma sunkuyon santimita 10 a mita 10 mafari ne mai kyau.

Mai gyara mai dabara kan sauƙaƙa wa kansa: kafin ya kwance komai, idan fitilar na da saiti mai kyau, ya tsayar da motar a gaban bango ya yi alamar inda haske ya tsaya da inda tayoyi suke. Bayan aiki ya maido ta wurin, bambancin zai fito nan take.

Mota ba kaya, mota da kaya

Babbar tambaya ga masu jigila ita ce a wane hali za a saita, tunda motar da ta tafi kasuwa fayau da lodi take dawowa, kuma buhun albasa ɗaya kan kai kilo 100 ko fiye. Mai maɓallin saiti ba shi da matsala: a saita a kan 0 babu kaya, idan an loda ya juya zuwa 2 ko 3, idan an sauke ya maido. Idan maɓallin ya daina aiki, gyara shi ya fi sauƙi a kan jinya.

Wanda motarsa ba ta da shi, ya dubi yadda ya fi yin tafiyar dare. Idan da kaya ne, a saita da irin lodin da ya saba ɗauka, ya kuma san cewa ranar da babu kaya haskensa zai gajarce, sai ya rage gudu. Raba lodi ma na taimakawa: masu nauyi su zauna kusa da kan mota, tsakanin tayoyin gaba da na baya, maimakon a jibge su a bakin ƙofar baya, inda suke ɗaga hancin motar kamar sikeli.

Idan saiti ya ƙi

Wani lokaci babu iyaka a jikin bango sam, hasken a warwatse yake. A duba ƙwan fitilar: wanda aka sa a karkace, kunnuwansa ba su shiga ramukansu ba, ba zai taɓa saituwa ba. Ƙwayayen LED masu arha da ake cusawa a mazaunin da aka ƙera don ƙwan halojan su ma sukan watsa haske ko'ina, ya yi fari tas a ido amma bai kai nesa ba. Gilashin roba da rana da yashi suka dusar, da madubin ciki da ruwa ya ɓata, duk haka suke yi. Idan kuma hasken ta hagu yake hawa maimakon dama, to fitilar ta motar da aka ƙera wa ƙasashen da ke bin hannun hagu ce, kamar Japan ko Ingila, kuma a fuskar masu tahowa take zuba haskenta. Irin wannan sauyawa take bukata.

Tsakanin bizit teknik ɗaya da na gaba, mota mai aiki a hanyoyin Bouza da Keita na iya shiga gyaran ƙafa sau biyu ko uku, kuma babu jami'in da zai duba fitilarta a duk lokacin. Saboda haka nauyin na kan mutum uku: mai gyaran da ya kamata ya ɗauki saitin fitila a matsayin ƙarshen aikin amortisa, shugabannin tasha da ke iya ware bango ɗaya da layukan awo don motocin da ke lodin dare, da kuma direban da ya ga motoci biyu ko uku a jere sun ƙyafta masa yana kan kod. Wannan saƙo ne cewa da safe ya nemi bango da ma'aunin mita.